Cinikin Da Na Yaba a Gaban Madam

Assalamu alaikum, masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku, har da na masu tambaya ko intabiyun ne ya cinye ni shi ya sa na yi ɗif. Bai cinye ni ba. Na samu aikin. Amma ku dakata da taya murna tukuna, don ni kaina tun ranar da aka kira ni ban yi dariyar da ta kai ciki ba. Yau na zauna ne in gaya muku dalili, in kun ga dama ku zage ni a ƙasa, ba zan goge ba.

Ga waɗanda yau suka shigo, ni lauya ce. Sai dai irin lauyar nan ce da tun da ta gama makaranta kotun da ta sani ita ce falon gidanmu, inda nake raba shari'ar Umma da Auta a kan rimot. Takardar neman aiki kuwa na rubuta har yatsuna sun haddace ta. Wasu ofisoshin su amsa da godiya, wasu ko godiyar ba su da lokacinta. Umma ba ta yi min faɗa a kan rashin aikin, ita dabararta daban ce. Sai ta bari ina wanke-wanke ta tsaya a bakin ƙofar kicin tana ba ni labarin 'yar ƙawarta da aka ba mota a wurin aiki, ta ƙarasa da cewa, "Ni dai ban ce komai ba."

Sai kuma mutumin naku, wanda Auta ta raɗa wa Baƙin Kwat, saboda ranar da ya fara zuwa ƙofar gidanmu ana zafin da ko kaza ba ta fita, shi kuwa yana cikin kwat har da taye. Lauya ne a wani babban ofishi, a sashen da ke kula da cinikin kamfanoni. A shagon littattafai muka haɗu. Umma ta san da shi kuma ya kwanta mata, Abba kuwa sau ɗaya suka gaisa a tsaye. Da ofishinsu suka yi shelar ɗaukar sababbin lauyoyi, shi ya fara turo min.

"Turo min takardar da kike aikawa in gani," ya rubuto.

Na tura masa ina jiran yabo. Bai daɗe ba ya dawo.

"Barista, kin rubuta cewa ofishinmu babba ne mai tarihi. Sun san babba ne, ai su ke biyan hayarsa."

"To me zan ce? In ce ƙarami ne?"

"Kowa haka yake rubutawa, shi ya sa ba a karantawa. Ki ɗauki ciniki ɗaya da ofishin ya yi, ki nuna kin bi shi, kin gane me ya sa aka tsara shi haka ba a tsara shi ta wata hanyar ba. A kansa za su tsare ki a intabiyu. Wanda ya ambaci ciniki bai fahimce shi ba gara ma bai ambata ba."

"Wanne zan ɗauka?"

"Bari in turo miki. Yana shafinmu, ba sirri ba ne. Madam, shugabar sashenmu, ita ce ta jagorance shi, ita za ta zauna muku, kuma kamar ɗanta na fari take ji da shi. Ni ma na ɗan sa hannu, lokacin ina sabo."

Ina zaune a bakin gado da ɗankwali a kafaɗa na buɗe abin da ya turo. Ban ma karanta rubutun ba, hoton ya ishe ni. Gwangwanin fenti ne mai shuɗin murfi, irin wanda muke da shi jibge a bayan gida, Umma ta shuka na'a-na'a a wasu, Auta na jiƙa safa a ɗaya. Kamfanin su Abba ne.

Tun kafin a haife ni Abba yake aiki a can, a sashen haɗa kala, har ya zama shugaban sashen. Mun tashi da warin fenti a rigunansa, da ɗigon kala a gefen farcensa da sabulu bai taɓa cirewa ba. Ina shekarar ƙarshe a makaranta aka sayar da wurin. Kuma ga inda dabarar take. Masu sayen ba su sayi kamfanin ba. Gininsa suka saya, da injuna, da sunan da ke jikin gwangwani. Shi kuwa ainihin kamfanin, wanda ya ɗauki su Abba aiki, aka bar shi fanko aka rufe. Sababbin masu wurin ba su da alkawari da kowa. Suka ce duk mai son aiki ya nema sabo. Abba ya nema, da furfurarsa, ba su amsa masa ba.

Tun daga nan yake gida. Ba ya ƙorafi, fenti yake yi. Get ɗinmu ya canza kala ya fi a ƙirga, katangar tsakar gida ma haka, har Auta ta ce wata rana za ta dawo makaranta ta wuce gidan ba ta gane shi ba. Umma ta daina hana shi, ta ce gara fentin da zaman shiru.

Shi kuwa Baƙin Kwat bai san komai a kai ba. A farkon haɗuwarmu ya tambaye ni aikin Abba, na ce ya yi ritaya. Kalma ce mai tsabta, ba ta jawo wata tambayar. Kun san halin farkon soyayya, kowa gefensa mai kyau yake juyowa. Daga baya kuma sai na rasa ta inda zan gyara.

"Kin gani?" ya rubuto. "Ko ya yi miki nauyi in nemo wani?"

A nan ya kamata in ce masa nemo wani. Ƙofa ce ya buɗe min da hannunsa. Amma ni na san abin da na sani. Babu cinikin da na fahimta a duniya kamar wannan. Lokacin da abin ya faru ni ce lauyar gida, na bi duk abin da aka wallafa a kai ina neman ɓarakar da Abba da abokan aikinsa za su shiga kotu ta ciki. Ban samu ba. An ɗinke shi tsaf, babu inda allura za ta shiga. Na yi kuka a lokacin, amma can ƙasan kukan akwai wata ɗaliba a cikina da ke cewa, kai, wanda ya tsara wannan ya iya aiki.

"Bar shi," na rubuta. "Zan iya."

"Shi ya sa nake ji da ke."

Na kifa wayar a kan filo. Ta taga ina jin ƙarar burushin Abba a jikin get.

Washegari ina rubuta takardar a teburin cin abinci, Auta ta zo ta bayana da kofin shayi. Yarinyar nan idonta kamar na mage, ba abin da ke wuce ta.

"Yaya, wannan ba kamfanin su Abba ba ne?"

"Rage murya."

"Ƙararsu za ki kai?"

"Neman aiki nake."

Ta sunkuyo ta karanta layin da na rubuta a fili, a hankali, kamar mai karanta takardar magani. "Wannan ciniki ne ya sa na ƙudurta cewa a ofishinku nake son in koyi aiki." Ta ɗago ta dube ni. "Yaya."

"Haka ake rubutawa. Ba ki san harkar ba."

"Ban sani ba kam. Abba ya sani?"

"In kika faɗa masa, ni da ke ne."

"Ni ba ruwana." Ta ɗauki kofinta. Har ta kai ƙofa ta juyo. "Amma da ni ce, ko na kamfanin siminti zan nema."

Na ji haushinta, haushin da mutum ke ji idan ƙaramarsa ta fi shi gaskiya. Na gaya wa kaina ai don gidan nake yi. Wa zai ɗauke wa Umma nauyin cefane in ba ni ba? Wa zai tsaya wa Auta ta gama karatu? Magana ce kawai a takarda, Abba ba zai taɓa gani ba. Na danna aikawa kafin zuciyata ta sake magana.

Suka kira ni intabiyu.

Ranar tun da safe gidan ya rikice kamar ni kaɗai aka taɓa kira aiki a duniya. Umma ta goge min farar riga da kanta, ta ce gugata ta 'yan makaranta ce. Na sa dogon baƙin siket, da kwat ɗin da na saya tun bikin gama karatu, wanda hannunsa ya ɗan fi nawa tsawo. Na naɗa ƙaramin baƙin mayafi na kama shi da fil mai kan azurfa, na sa 'yan kunne ƙanana, hoda kaɗan, man leɓe marar kala. Auta ta fesa min turarenta ta juya abinta.

Da na fito na tarar da takalmina a bakin ƙofa yana sheƙi. Abba ne ya goge shi, yana zaune a kan kujerarsa ta roba da tsumma a hannu.

"Abba, da ka bari ai da na goge."

"Lauya ba ta shiga ofis da ƙura a ƙafa." Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Me za su tambaye ki?"

"Abubuwan makaranta ne kawai, Abba."

"To ai kin gama da su. Ki yi magana a nitse, kada ki ce kin san abin da ba ki sani ba. Allah Ya ba da sa'a."

Ya raka ni har bakin titi, ya tsayar min da tasi, ya leƙa ya ce wa direban ya bi a hankali. Har muka sha kwana ina hango shi a madubi, da tsohuwar rigarsa mai ɗigon fenti.

Ofishin yana hawa na sama a wani dogon gini mai gilashi. Lifta ta sauke ni a wani falo mai sanyi, kafet ɗinsa na haɗiye ƙarar takalmi. Mu da yawa ne a kan kujerun jira, kowa cikin baƙi da fari kamar an buga mu a inji ɗaya, kowa na motsa baki yana bitar abin da ya haddace. Wayata ta yi motsi, Baƙin Kwat ne.

"Ina hawa na ƙasa da ke. Ba zan leƙo ba, kada a ce. Ki dubi Madam a ido, ba ta son mai sunkuyar da kai."

Da aka kira ni na shiga. Dogon tebur ne, mutum uku a ɗaya gefen. Maza biyu, ɗaya mai sanƙo ɗaya mai yawan duba agogo, sai Madam a tsakiya. Ƙaramar mace ce, ba yadda na zana ta a raina ba, da tabarau a ƙarshen hanci da zobe ɗaya tal. Ta bar mazan suka yi tambayoyin makaranta, ita tana karanta takardata. Can ta ajiye.

"Kin ambaci cinikin kamfanin fenti. Yau ke ce ta huɗu da ta ambace shi. Sauran sun ce min ciniki ne babba. Ke me za ki ce min?"

Na buɗe baki, sai abin ya zubo. Na yi bayanin me ya sa mai saye ya zaɓi kaya ya bar kamfanin. Na faɗi yadda aka raba sunan da ke jikin gwangwani daga tsohon kamfanin, da yadda aka bi da masu ba da kaya don kada injuna su tsaya ko na yini ɗaya. Na kawo abin da zai faru da an bi ɗaya hanyar. Mai duba agogo ya daina dubawa. Madam ta cire tabarau.

Jama'a, ga abin da ban so in rubuta ba. Na ji daɗi. Bayan duk zaman gidan nan, da saƙonnin godiya, da labarin 'yar ƙawar Umma, yau ga manyan lauyoyi uku sun yi shiru suna saurarona. Wani abu ya riƙa hawa kaina. A wannan lokacin ban tuna da mai goge takalmi ba ko kaɗan.

"To ma'aikatan fa?" in ji Madam. "An yi surutu a kansu lokacin. Da ke ce lauyar mai saye, ya tambaye ki ko ya ɗauke su, me za ki ce masa?"

Akwai amsoshi da yawa. Zan iya cewa doka ba ta tilasta masa ba, in tsaya nan. Zan iya cewa ya duba ƙwararrun cikinsu, don inji ba ya haɗa kala shi kaɗai. Duk na san su. Amma na ga yadda take kallona, ina son kallon ya ci gaba.

"Zan ce masa injuna ya zo saye, ba tarihi ba," na ce. "Tsofaffin ma'aikata kaya ne mai nauyi. Hikimar cinikin ita ce an san abin da za a ɗauka, an san abin da za a bari a ƙasa."

Mai sanƙo ya yi 'yar dariya. Madam ta rubuta wani abu, ta ja layi a ƙarƙashinsa.

"Kin san wurin sosai," ta ce. "Kina da wani a harkar fenti ne?"

"A'a, ranki ya daɗe. Karatu ne kawai."

Na fito, lifta ta sauko da ni. Na tsaya a banɗakin ƙasa na daɗe ina wanke hannu, ban san me nake wankewa ba. Da na dawo gida Abba ya tambaye ni yaya aka yi, na ce da sauƙi. Ya ce ai ya sani.

Ba a rufa mako ba suka kira. Umma ta rungume ni tana hawaye, ta ɗauki waya ta fara da ƙawar nan tata mai 'yar mota. Abba ya yi ta hamdala, ya shiga ɗaki ya fito da wani alƙalami a kwalinsa, wanda kamfani ya ba shi kyauta tun da daɗewa bai taɓa buɗewa ba, ya ce in riƙe na sa hannu a manyan takardu. Na karɓa da hannu biyu. Auta tana jingine da bango tana kallona, na ƙi yarda mu haɗa ido.

A cikin murnar ne Umma ta ce tunda aiki ya samu, lokaci ya yi da yaron nan zai shigo ciki su zauna da Abba, a daina gaisuwar bakin get. Na sanar da shi.

"Da gaske? Wace kala zan sa?"

"Duk abin da ka ga dama, ban da kwat."

"Kin kashe ni. Me Abba yake so a yi hira a kai?"

Na rubuta, "Akwai abin da nake so in gaya maka kafin ka zo." Na dubi saƙon. Na goge. Na rubuta, "Ƙwallo," na aika. Na ce a raina idan komai ya lafa zan zaunar da shi in yi masa bayani. Kullum haka nake cewa.

Ya zo ranar hutu da la'asar, cikin riga ruwan toka mai dogon hannu, da ledar lemo da tuffa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaida Abba, ya ƙi hawa kujera sai da Abba ya matsa masa. Umma ta fito da kofunan baƙi, masu bakin zinariya da ba a taɓa su sai da dalili. Ni na sa doguwar riga shuɗiya, na kawo tiren shayi na zauna a gefen Umma. Auta ta laɓe a bayan labulen koridor, ƙafarta a waje.

Hira ta yi daɗi da farko. Suka yi ƙwallo, suka yi tsadar mai, ya yaba kalar bangon falo, Abba ya ce shi ya haɗa ta da kansa. Na ga Abba ya sake, har yana dariya da haƙora. Na fara cewa a raina ashe tsorona na banza ne.

"Abba, ai sai dai mu yi muku godiya," in ji Baƙin Kwat. "Kun ba mu lauya. Maganarta ake yi a ofis har yanzu."

"Allah ko?" Abba ya gyara zama.

"Wallahi. Madam ba ta yabon mutum, amma a taron sashe ta kawo zancenta. An tambaye ta wani ciniki da muka yi, ta warware shi kamar da ita aka tsara."

"A sha shayi kada ya huce," na ce.

"Bar shi ya faɗa mana," in ji Umma. "Ke ba kya ba mutum labari."

Na dubi Baƙin Kwat, na ɗan girgiza kai. Ya ɗauka kunya ce. Ya yi min murmushin nan nasa, ya ci gaba.

"Madam ta tambaye ta batun ma'aikatan wurin, don a nan kowa ke rikicewa ya fara kame-kame. Ita kuwa kai tsaye ta ce mai saye injuna ya zo saye, ba tarihi ba. Ta ce tsofaffin ma'aikata kaya ne mai nauyi, hikimar ita ce a san abin da za a bari a ƙasa. Madam ta ce wannan ita ce lauyar da ba ta haɗa aiki da tausayi."

Ƙafar Auta ta ɓace daga ƙarƙashin labule.

"Wane kamfani ne?" Abba ya tambaya.

"Na fentin nan ne, Abba, na bayan tashar jirgin ƙasa. Mai shuɗin murfi. Ni ma da ni aka yi aikin, duk da lokacin ɗaukar fayil ne nawa."

Umma ta ajiye kofinta a kan tire, ya yi ƙara. Abba bai ajiye nasa ba. Ya kurɓa, ya haɗiye, ya dubi bangon da aka gama yabo.

"Na san wurin," ya ce. "A can na yi aiki."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya irin ta Baƙin Kwat ba. Ya dube ni, ya dubi Abba, ya sake dubana.

"Abba, ai na ɗauka... an ce min ritaya..."

"Ritaya ce. Su suka yanke min ranar." Abba ya miƙe a hankali, yana dafa hannun kujera. "Ka gaida gida. Mun gode da lemo."

Ya shige ɗakinsa ya tura ƙofa, ba da ƙarfi ba. Da ya buga ta ma da na fi samun sauƙi.

Na raka Baƙin Kwat bakin get don Umma ta ce in raka shi. Ya tsaya yana ɗaura igiyar takalmi, ya kasa.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Na so in faɗa."

"Na tambaye ki ko in nemo wani. Da bakina na tambaye ki." Muryarsa a ƙasa take. "Kin bar ni na shiga gidan mutum na zauna a kujerarsa, na sha shayinsa, na karanta masa wannan a fuska. Yanzu da wane ido zan sake kallonsa?"

Ya shiga mota ya daɗe bai tayar ba, sannan ya tafi. Da daddare ya turo saƙo ɗaya. "Ban yi fushi ba. Amma ba zan sake taka gidan ba sai Abba ya kira ni da kansa."

Umma ba ta yi min faɗa ba, ita da ke da faɗa a kan cokali. Ta kwashe kofuna ta wanke da kanta, da na zo taya ta ta ce in bari. Abba bai fito cin abinci ba. Auta ta kai masa, ta dawo da shi yadda yake.

Washegari da safe na same shi a tsakar gida, a kan kujerar roba. Ba burushi a hannunsa, ba gwangwani a gabansa, yana zaune ne kawai. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum. Na fara magana, hawaye suka riga ni.

"Abba, ka yafe min. Zan kira su in ce na fasa."

"Ba za ki fasa ba. Aiki ne, kin nema kin samu, gidan nan na buƙatarsa. Ranar da suka ce ki fara, ki je. Yaron nan ma ba shi da laifi. An ba shi fayil ya ɗauka. Yana da ladabi."

Na ɗago, wani ɗan sanyi ya fara shiga raina.

"Abu ɗaya nake so ki gaya min, daga nan sai in san abin da zan ce masa, in san abin da zan ce miki." Ya dube ni, ba fushi a idonsa, gajiya ce kawai. "Maganar nan da kika yi musu. Kin faɗa ne don su ɗauke ki, ko kuwa haka kike gani?"

Na buɗe baki in ce don su ɗauke ni ne. Ita ce amsa mai sauƙi, kuma na san zai karɓa. Sai na tuna yadda na ji a gaban teburin nan lokacin da kalmomin ke fita, yadda suka zauna min daidai a baki, ba tare da na nemo su ba. Idan na ce don aiki ne, na sayar da shi ke nan da sanina. Idan na ce haka nake gani, to na gama da shi. Kuma ni kaina ban san wacce ce gaskiyar ba.

"Kada ki yi sauri," ya ce. "Na sha jin ƙarya mai daɗi daga mutanen ofis, ba na son taki. Ki je ki yi tunani. Ina nan, ai ba inda zan je."

Gobe zan fara aiki. Umma ta goge farar rigar ta rataye min a jikin ƙofa. Wayata shiru, mutumin naku kuma ya cika alkawarinsa, bai sake tako gidan ba. Abba yana tsakar gida tun safe, kuma duk wucewar da zan yi sai ya ɗago ya dube ni, ni kuma in sunkuyar da kai in wuce.